Pop Ko Indi? Tambayoyi da Amsoshi Kan Rigimar Masu Sharhin Waƙa a Ingila da Amurka

Duk wanda ya saba karanta sharhin waƙoƙin Turawa zai ci karo da wata tsohuwar jayayya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na ganin waƙar kirki ita ce wadda mutum ya zauna ya tsara da kansa, ya kaɗa da hannunsa, bai waiwayi kasuwa ba. Wasu kuma na cewa wannan ba komai ba ne illa raina abin da talaka ke so. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, da amsoshinsu gwargwadon abin da na karanta da abin da kunnena ya jiyo mini. Inda nake da ra'ayi ban ɓoye shi ba.

Da farko dai, mece ce pop, mece ce kuma indi?

Pop gutsuren wata kalmar Ingilishi ce mai nufin abin da ya karɓu a wurin jama'a. Waƙa ce da ake ginawa don ta kama kunne tun jin farko: ba ta cika wuce minti uku zuwa huɗu ba, amshinta mai saurin zama ne a baki, kuma akan zuba kuɗi mai yawa wajen ɗaukarta da tallata ta. Mafi yawan manyan taurarinta a yau suna ƙarƙashin kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner.

Ita kuwa indi, ba ruwanta da Indiya ko waƙoƙin fina-finanta, don na san kunnen Bahaushe can zai fara zuwa. Ita ma gutsuren kalma ce, mai nufin cin gashin kai. Asalinta ƙananan kamfanonin faifai ne da mawaƙan da suka ƙi jiran manyan kamfanoni su ɗauke su. A watan Janairun 1977 wata ƙungiyar samari a Manchester, Buzzcocks, ta ranci kuɗi a wurin 'yan uwa da abokai ta buga faifanta da kanta, ya kuwa sayu. Wannan ya buɗe wa mutane da yawa ido. Kantin Rough Trade da aka buɗe a Landan a 1976 ya fara fitar da faifai a 1978, shekarar da aka kafa Factory a Manchester. Zuwa 1980 har an ware wa irin waɗannan kamfanoni jadawalinsu na faifan da suka fi kasuwa. A Amurka ma aka samu irinsu, kamar Sub Pop da Matador da Merge, gidajen rediyon jami'o'i na taya su yaɗa kayansu.

Ke nan bambancin na kasuwanci ne, ba na sauti ba?

Haka aka faro, amma maganar ta cakuɗe. Da tafiya ta yi nisa sai indi ta zama sunan wani irin sauti: jita, ganga, murya marar ado, kalmomi masu nauyi ko masu duhu, da mawaƙin da ke hawa dandali cikin rigar da ya kwana da ita. Sai ga ƙungiya tana ƙarƙashin babban kamfani ana ce mata indi saboda sautinta. Sai ga Adele, wadda albam ɗinta, wato kundin waƙoƙinta, na 2011 ya sayu fiye da na kowa a zamaninsa, alhali kamfanin da ya ɗauke ta a Ingila, XL, mai cin gashin kansa ne. Taylor Swift ma har zuwa 2018 tana tare da wani kamfani mai zaman kansa na birnin Nashville. Ba wanda ya taɓa kiran ɗayansu indi a wancan lokaci.

Ƙungiyar mawaƙan Amurka ta Nirvana ce ta fi nuna yadda katangar take da rauni. Ta taso a Sub Pop, ta koma babban kamfani a 1991, a watan Janairun 1992 kuma ta ture Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, mujallar da ke jera faifan da suka fi kasuwa a Amurka. Daga nan zargin "ya sayar da kansa" ya zama babban zagi a tsakanin 'yan indi. Don haka idan ka ji ana gardamar pop da indi, yawanci ba a kan takardar kwantiragi ake yi ba. Ana yi ne a kan wace waƙa ce ta cancanci a ɗauke ta da daraja.

Wa ya naɗa masu sharhi alƙalai?

Ba wanda ya naɗa su, tsadar faifai ce ta ba su kujerar. Kafin intanet, idan matashi yana da kuɗin albam ɗaya tak a wata, dole ya nemi wanda ya riga shi ji ya faɗa masa wanda zai saya. A Ingila jaridun mako-mako ke wannan aiki, musamman Melody Maker da aka kafa a 1926 da NME da ta fito a 1952. A Amurka akwai Rolling Stone, wadda aka kafa a San Francisco a 1967, da kuma jaridar Village Voice ta New York, inda Robert Christgau ya riƙa tattara ƙuri'un ɗaruruwan masu sharhi duk shekara don a fitar da gwanayen bana.

Abin lura shi ne su wane ne waɗannan marubuta. Mafi yawansu samari ne farare, 'yan boko, waɗanda suka tashi da Beatles da Bob Dylan da Rolling Stones. Abin da ya burge su suna shekara 18 shi suka mayar sikeli, suka riƙa auna kowa da shi.

Me ake nufi da rokizim?

Aƙidar fifita kiɗan rok, wato kiɗan Turawa na jita da ganga, ce a kan sauran, ko kuma auna kowane kiɗa da ma'aunin rok. Wani mawaƙin Liverpool, Pete Wylie, shi ya fara jefa kalmar a 1981, marubutan NME suka cafe. Mai wannan aƙida bai cika sanin yana da ita ba, domin a wurinsa hankali ne kawai. Ya yarda cewa mawaƙin gaske shi ke rubuta waƙarsa. Ya yarda cewa jita kayan kiɗa ce, na'ura kuwa ha'inci. Cikakken albam ya fi waƙa guda, wasan gaban jama'a ya fi bidiyo, waƙar da ke sa tunani ta fi wadda ke sa rawa, kuma abin da ya daɗe ya fi abin da ake yayi. Idan ya yabi mawaƙin rap ko na pop, sai ka ji yabon ya fito ta hanyar kwatanta shi da wani gwarzon rok, kamar dai ba zai yi daraja ba sai an ara masa riga.

To ai da gaskiyarsu. Wanda ya rubuta waƙarsa bai fi wanda aka rubuta wa ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Tsara waƙa baiwa ce, wanda ya haɗa ta da murya ya haɗa baiwa biyu. Amma tarihi bai goyi bayan mayar da ita sharaɗi ba. Kafin shekarun 1960 rabon aiki ake yi a Amurka: wani ya rubuta, wani ya tsara kiɗa, wani ya rera. Frank Sinatra da Elvis Presley kusan duk abin da suka shahara da shi wasu ne suka rubuta. Waƙar da aka fi sanin Aretha Franklin da ita Otis Redding ne ya yi ta a 1965, ita ta sake rera ta a 1967, ta juya mata ma'ana daga ƙorafin miji zuwa kiran mace da ke neman a mutunta ta. Wa zai ce ba ta ƙirƙiri komai ba?

Dubi kuma Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959. Tamkar masana'anta ya tsara shi: marubuta na ɗakinsu, makaɗa na nasu, akwai ma taron tantance waƙa kafin a sake ta. A ma'aunin rokizim wannan shi ne ƙarshen rashin gaskiya, amma daga wannan gida aka samu Stevie Wonder da Marvin Gaye da Diana Ross. Idan akwai abin zargi a wurin, to shi ne yadda makaɗan gidan suka shafe shekaru ba a rubuta sunayensu a bayan faifai sai a 1971, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan zalunci ne na ciniki, bai rage wa waƙoƙin daɗi ko ƙwarewa ba. A zamaninmu ma ɗan ƙasar Suwidin ɗin nan, Max Martin, ya tsara wa taurari da dama waƙoƙin da suka hau matsayi na ɗaya tun ƙarshen shekarun 1990, kuma duk wanda ya taɓa gwada haɗa amshin da zai zauna a bakin mutum miliyan ɗari ya san ba wasa ba ne.

Inda nake ja layi shi ne yaudara. Milli Vanilli, samari biyun da aka ƙwace wa kyautar Grammy a watan Nuwamban 1990, ba su ne suka rera ko baiti ɗaya a faifansu ba, aka kuma sayar wa jama'a a matsayin muryarsu. Rabon aiki daban, ƙarya daban.

Me ya kawo maganar launin fata da ta mata cikin zancen waƙa?

Ba kawo ta aka yi ba, tana ciki tun farko. Idan ka jera nau'o'in kiɗan da aka fi rainawa, disko da pop na 'yan mata da R&B da rap na kasuwa, za ka ga yawancin masu yinsu da masu sauraronsu baƙaƙen fata ne, ko mata, ko talakawa. Ranar 12 ga Yulin 1979 wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya gayyaci jama'a filin wasa na Comiskey a Shikago, kowa ya zo da faifan disko a tarwatsa. Aka tara faifan aka sa musu nakiya, dubban mutane suka kutsa cikin fili, har aka fasa wasa na biyu da aka shirya yi a daren. Masu abin sun ce kiɗan kawai suka tsana. Mawaƙan da aka ƙona wa faifai ba haka suka ji abin a jikinsu ba.

Ga wata shaidar da ta fi natsuwa. A 2003 Rolling Stone ta fitar da jerin albam 500 da ta ce sun fi kowane a tarihi. A goman farko, huɗu na Beatles ne, biyu na Dylan, baƙar fata ɗaya ne tak, mace kuwa babu. Da aka sake jerin a 2020 da sababbin masu zaɓe, Marvin Gaye ya koma na ɗaya, Joni Mitchell ta uku, Stevie Wonder na huɗu, Prince da Lauryn Hill ma suka shigo goman. Faifan dai su ne, ba a ƙara musu ko sautin ganga ɗaya ba. Masu riƙe da sikelin ne suka sauya.

Sannan a watan Satumban 2023 Jann Wenner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa mujallar, ya fitar da littafin hirarraki da mawaƙa bakwai, dukansu maza farare. Da jaridar New York Times ta tambaye shi dalili, sai ya nuna cewa mata da baƙaƙen mawaƙa ba su kai waɗannan iya bayyana tunani ba. Nan da nan aka cire shi daga kwamitin gidan karrama gwarazan rok, ya kuma nemi afuwa. Abin da aka daɗe ana zargi ke nan ya fito daga bakin mai gidan.

Yaushe iska ta juya?

Alama ta farko ta zo a 1991, lokacin da Billboard ta daina dogara da abin da masu kantuna suka ce sun sayar, ta koma ƙirga ciniki kai tsaye daga na'urar biyan kuɗi. Cikin 'yan watanni ƙungiyar rap ta N.W.A da mawaƙin kiɗan karkara Garth Brooks suka hau matsayi na ɗaya. Ashe abin da Amurkawa ke saya ya sha bamban da abin da ake rubutu a kansa.

Amma ranar da aka fi ambata ita ce 31 ga Oktoban 2004. Mako guda kafin nan, an kunyata wata matashiyar tauraruwa, Ashlee Simpson, a wani shirin talabijin na kai tsaye, inda muryarta da aka naɗa ta fara fita tun ba ta kai makirufo baki ba. Aka yi mata ca. Sai Kelefa Sanneh, wanda mahaifinsa shehin malami ne ɗan Gambiya, ya rubuta maƙala a New York Times yana tambayar me ya sa wannan tuntuɓe ya faranta wa mutane rai haka. Ya ce murnar ta tona wata tsohuwar ƙiyayya, ya kira ta da sunanta, ya kuma nuna waɗanda take bari a waje. Daga muhawarar da ta biyo baya aka samu kalmar poptimizim, wato kyautata wa pop zato: a saurare ta da irin natsuwar da ake sauraron rok, a auna ta da abin da ta nufa yi.

Ina ake jin sunan Pitchfork a wannan rigima?

A tsakiyarta. Ryan Schreiber ne ya kafa wannan shafin intanet na sharhin waƙa a Minneapolis a tsakiyar shekarun 1990, ya mayar da shi Shikago, ya zama fadar 'yan indi. Makinsa daga 0.0 ne zuwa 10.0, kuma akwai lokacin da wannan lamba ke ɗaga mawaƙi ko ta kayar da shi. A 2004 ya ba albam ɗin farko na ƙungiyar Arcade Fire, 'yan Kanada, maki 9.7, kafin a ankara sun zama abin magana, a 2011 kuma suka ɗauki babbar kyautar Grammy suna ƙarƙashin ƙaramin kamfani. A ɗaya gefen, Liz Phair, wadda 'yan indi ke ji da ita, ta yi aiki da masu tsara waƙoƙin pop a 2003, aka ba ta 0.0. Laifinta a fili yake: ta tsallaka katanga. Marubucin, wanda yake matashi ƙwarai a lokacin, ya fito ya nemi gafararta a 2019, shafin kuma ya ɗaga makin zuwa 6.0 a 2021.

Wani abin da ya fi wannan tsaya mini a rai ya faru a 2014 da 2015. Taylor Swift ta fitar da albam da ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a makon farko, Pitchfork bai ce uffan ba. Shekara na zagayowa wani mawaƙin rok, Ryan Adams, ya sake rera waƙoƙin nan nata ɗaya bayan ɗaya da jita, sai ga sharhi ya fito a kan nasa. Waƙa ɗaya, kalmomi ɗaya, amma sai da ta biyo ta bakin namiji mai jita ta cancanci a tanka mata. Sai a 2019 shafin ya koma ya yi sharhin tsofaffin albam ɗinta. A lokacin kuwa kamfanin Condé Nast ya riga ya saye shi tun 2015.

To 'yan pop sun ci nasara ke nan. Magana ta ƙare?

Sun ci, kuma nasarar ta haifi tata matsalar. Tun 2006 Jody Rosen ya yi gargaɗi a mujallar Slate, a 2014 Saul Austerlitz ya kai hari a mujallar New York Times, a 2015 Chris Richards ya biyo baya a Washington Post. Ƙorafinsu kusan ɗaya ne: an fara da cewa a daina raina mai kasuwa, an ƙare da cewa ba a isa a soki mai kasuwa ba.

Ina ganin akwai gaskiya mai yawa a nan, sai dai ban ɗora laifin duka a kan aƙida ba. Yunwa ce ta fi yin aikin. Da talla ta bar takarda ta koma intanet, kuɗin jarida ya rataya a kan yawan masu latsa labari. Sharhi a kan tauraruwa zai jawo dubban ɗaruruwa, sharhi a kan wasu yara huɗu da ba a sani ba zai jawo 'yan ɗaruruwa. Edita ba sai an faɗa masa ba. A 2023 kamfanin jaridu na Gannett ya buɗe gurbin ɗan jarida da aikinsa kawai bin Taylor Swift, da wani na bin Beyoncé, a daidai lokacin da ake ta sallamar ma'aikata a gidajen jaridu.

Sai kuma tsoro. Masoyan taurari sun zama runduna a shafukan sada zumunta. A 2020 wata marubuciyar Pitchfork ta ba albam ɗin Swift maki 8.0, wanda yabo ne, amma wasu suka ga bai isa ba, suka baza bayanan gidanta, suka riƙa yi mata barazana. A 2024 mujallar Paste ta buga sharhin suka a kan wani albam ɗin Swift ba tare da sunan marubuci ba, ta ce ta yi haka ne saboda barazanar da wani marubucinta ya sha a 2019. Mai sharhin da ke rubutu yana waiwaye ya kusa zama ɗan amshin Shata, kuma wannan asara ce har ga tauraron, domin gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Idan mutum miliyan ɗari na son waƙa, wannan bai isa hujja ba?

Hujja ce cewa akwai abin da ya kamata a tsaya a fahimta. Ba hujja ba ce cewa waƙar ta yi kyau, kamar yadda rashin masu saye ba hujjar zurfi ba ne. Kuma kada a manta, yawan nan ba daga sama yake faɗowa ba: akwai kuɗin talla, akwai jerin waƙoƙin da manhaja ke tura wa mutane, akwai rediyo da ke maimaita abu har kunne ya saba.

Ba a ce abincin wani gubar wani ba? Me ya sa ba za a bar kowa da zaɓinsa ba?

Domin zaɓin ba na kunne kaɗai ba ne. Masanin zamantakewa na Faransa, Pierre Bourdieu, ya nuna a bincikensa na 1979 cewa abin da mutum ke kira ɗanɗanonsa yana bin gidan da ya tashi da makarantar da ya yi, kuma mutane na amfani da shi su nuna su ba sa'o'in wasu ba ne. Wani mai sharhi ɗan Kanada, Carl Wilson, ya gwada wannan a kan kansa a 2007. Ya ɗauki Céline Dion, mawaƙiyar da ya fi ƙi, ya zauna da waƙoƙinta da masoyanta yana neman inda ƙiyayyarsa ta samo asali. Bai fito yana cewa ta zama gwanarsa ba. Abin da ya gano shi ne wani kaso na ƙin nata ƙin zama ɗaya ne da irin mutanen da ke sonta. Ban san wani aiki da ya fi wannan amfani a duk muhawarar ba, domin bai ce a daina hukunci ba, cewa ya yi mai hukunci ya binciki zuciyarsa kafin ya ɗaga alƙalami.

Ina mawaƙan Afirka suka faɗa a wannan sikeli?

Sun daɗe a wani akwati na daban. A 1987 wasu masu ƙananan kamfanoni suka taru a Landan suka amince da lakabin "kiɗan duniya" don masu kantuna su san inda za su ajiye faifan da ba na Turawa ba. Lakabin ya taimaka wa ciniki, amma ya zo da sharaɗin da ba a rubuta ba: ana son ɗan Afirka da kayan kiɗan gargajiya ko da jita, ba a son sa da na'ura. Rokizim ne ya sa rawani.

Labarin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawan Nijar, ya isa misali, kuma ya taɓo mu kai tsaye. Albam ɗinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da gangar na'ura da muryar da aka tace da kwamfuta, irin salon waƙoƙin fina-finan Hausa na lokacin. Waƙoƙin suka yaɗu a Sahel daga waya zuwa waya. Ta haka wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya ji shi, ya saka shi a wani kundi da ya tattaro daga wayoyin mutane. Amma sunansa bai cika duniya ba sai da ya fito a matsayin gwanin jita da cikakkiyar ƙungiya, ya shiga Matador, ana kwatanta shi da gwarazan rok. Gwanintar tasa gaskiya ce, ban musa ba. Tambayata ita ce me ya sa sautin Sakkwato bai isa ya buɗe masa wannan ƙofa ba. Kamfanin na Sahel Sounds ya fitar da kundin waƙoƙin fina-finan Hausa a 2013, amma bai samu ko kusa da irin karɓuwar da jitar Abzinawa ta samu ba.

Mu ma muna da irin wannan gardama a ƙasar Hausa?

Muna da 'yar uwarta, ko da yake ba tagwaye ba ne. Ka zauna a kowace majalisa ka tayar da zancen waƙa, za ka ji wani ya ce tun da Shata da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka tafi waƙa ta mutu, yanzu sai nanaye da fiyano. Dalilan da za a kawo ma sun yi kama da na can: kalangu da kotso kayan kiɗa ne na gaske, na'ura ba ta buƙatar gwaninta, waƙar soyayya ta yara ce da mata.

Akwai abin dubawa a zargin, domin mai azancin Narambaɗa ba kullum ake haihuwarsa ba, kuma da yawa daga waƙoƙin yanzu kalmomi goma ne ake juyawa. Amma ma'aunin Turawa na "shi kaɗai ya tsara, bai nemi kuɗi ba" ba zai zauna a kan magabatan namu ba ko kaɗan. Makaɗin fada da 'yan amshinsa yake gina waƙa, kuma don ubangida yake yi, a ba shi doki da riga. Ba wanda ya ce wannan ya rage masa daraja. Sannan kiɗan ƙwarya na mata irin na Barmani Choge ya daɗe ana kallonsa a matsayin na biki kawai kafin manazarta su ba shi haƙƙinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wani giɓi. A jami'o'inmu akwai kayan aikin tarke masu kyau, ana duba jigo da salo da zubi da tsari da sarrafa harshe. Amma waƙar da ta fito makon jiya ba ta cika samun wanda zai zauna ya auna ta haka a bainar jama'a ba. Abin da take samu shi ne kirari daga masoya, ko tsinuwa daga masu ganin waƙar zamani duk ɓata tarbiyya ce. Tsakanin waɗannan biyu fili ne fetal ba kowa.

Kai wane ɓangare kake?

A kan buɗe kunne, ina tare da 'yan pop ɗari bisa ɗari. Babu nau'in waƙar da ya isa a yanke masa hukunci kafin a ji shi. A kan inda ya kamata mai sharhi ya kashe lokacinsa kuwa, zuciyata na wurin ƙananan. Tauraron da ke da kamfani da masu talla da rundunar masoya ba ya buƙatar lauya, abin da yake buƙata shi ne wanda zai faɗa masa gaskiya in ya yi sake. Yarinyar da ta haɗa waƙa a ɗakinta, ko da na'ura ko da jita, ita ce sharhi ɗaya zai iya sauya wa rayuwa. Kuskuren 'yan indi na da shi ne sun ɗauka duk ƙarami da jita yake zuwa, kuma fari ne.

Yanzu da manhaja ke zaɓa wa mutum waƙa, ina sharhin ya koma?

Tsofaffin gidajen sun rushe ko sun rame. Melody Maker ta narke cikin NME a 2000, NME ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2018, Village Voice ta rufe a wannan shekarar kafin daga baya a farfaɗo da sunanta. A watan Janairun 2024 aka mayar da Pitchfork ƙarƙashin mujallar maza ta GQ, aka sallami ma'aikata da dama. Wasu marubutan sun koma aika wasiƙu ga masu biyan kuɗin wata, wasu sun haɗa kai sun buɗe shafukan da su ke mallaka. Matasa da yawa kuma a YouTube suke samun sharhi, wurin irin su Anthony Fantano.

Aikin dai ya sauya. Da mai sharhi na taimaka maka ka san inda za ka sa kuɗinka, yanzu kuɗin wata ɗaya ya buɗe maka kusan komai, abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci. Ana ɗora waƙoƙi kimanin 100,000 a kullum a manhajojin sauraro, dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Manhaja kuwa abin da ya yi kama da wanda ka ji jiya take kawo maka, ba ta iya ce maka ga wani abu da ba za ka so ba a jin farko, amma ka daure ka sake ji. Kuma tun 2024 manhajar Spotify ta daina biyan ko sisi a kan duk waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12, kuɗin da da za ta samu ana raba shi ne ga waɗanda suka haye wannan adadi.